Waifai ɗinmu Ya Daina Yankewa

Assalamu alaikum, 'yan uwa. Yau babu hoton sabon mayafi, babu farashi. Mubarika ce dai taku ta unguwar Zogbeli a Tamale, amma yau magana na zo da ita, kuma ba mai daɗi ba ce.

A tsakar gida nake rubuto maku, bisa kujerar tsugunno ta Mma, mahaifiyata, ƙarƙashin bishiyar darbejiya. Sandunan waifai a saman wayata cike suke fal, ko ɗaya bai motsa ba. Watanni na yi ina roƙon Allah ya nuna mani haka. To ga shi na gani, kuma wallahi ji nake kamar in maka wayar da bango.

Bari in faro maku daga tushe. Yayana Yazeed yana aiki a Doha. Shi ya aiko mana da rauta, akwatin nan mai ƙahoni da ke raba intanet a cikin gida, don Baba ya riƙa ganin jikokinsa a bidiyo, ni kuma in riƙa ɗora mayafan da nake sayarwa. Sai dai akwatin nan tun zuwansa ba shi da kirki. Baba yana tsakiyar sa wa yara albarka, sai fuskar Yazeed ta daskare, baki buɗe, ido ɗaya a rufe. Baba ya yi ta "Helo, helo, Yazidu," yana girgiza waya kamar kwalbar magani. Da abin ya ishi kowa, Yazeed ya ce a kira abokinsa na makaranta, Shamsudeen, mai shagon gyaran kwamfuta a Jisonayili.

Kafin in ci gaba, ku san wane ne Baba. Kakanninsa fataken goro ne daga Kano, shi kuma tsohon mai ɗinkin babbar riga. Saurayi ba ya wuce zauren gidanmu. Mai karanta mitar wuta ma a tsaye yake aikinsa ya fita.

Shamsudeen ya zo bayan la'asar a kan babur, da fugu, rigar saƙi ta Dagomba, mai ratsin shuɗi da fari, jakar kwamfuta a bayansa. Tun daga bakin zaure ya cire takalmi, ya durƙusa har ƙasa irin gaisuwar Dagomba.

"Antire, Baba."

"Naa," in ji Baba, yana leƙensa ta saman gilashi. "Ka iya Hausa?"

"Kaɗan-kaɗan, ta kasuwa."

Na kawo masa sobolo mai sanyi, wato zoɓon da Mma ke sayarwa. Ya karɓa da hannu biyu ya ce, "Na gode. Kai ne Mubarika?"

"Ke ake cewa," Baba ya katse shi. "Mace ce."

Ya sunkuyar da kai yana murmushi. Tun daga ranar bai sake kuskurewa ba. Sai dai yadda yake furta "ke" ɗin nan a hankali, kamar mai ɗauke da kwanon miya cike, shi ya fara lalata mani lissafi.

A ranar ya cire manhajar da kamfani ya sa wa akwatin, ya zuba wata. Ya ce wannan ba ta kowa ba ce, mutane daga ƙasashe daban-daban suka haɗu suka rubuta ta kyauta, duk mai so yana iya buɗe cikinta ya ga yadda take aiki, ya gyara abin da bai yi masa ba.

"Aikin gayya ke nan," in ji Baba.

"Haka ne, Baba."

Na ji kuma yana neman izinin Baba kan wata ƙaramar ƙofa da zai bari a cikin akwatin, mai mabuɗi a hannunsa shi kaɗai. Ban tsaya na fahimta ba. Ni a lokacin hannunsa nake kallo, yadda ya naɗe hannun fugu yana danna kwamfuta. Ku riƙe maganar ƙofar nan, don ni ban riƙe ba.

Waifai ya ɗan yi sauƙi, amma bai daina yankewa ba. A nan na fara sanin halin mutumin. Shamsu ba ya taɓa abu biyu a zuwa ɗaya. Zuwan farko ya canza tasha, ya ce rautocin maƙwabta duk sun cunkushe a kan tasha guda suna ture juna kamar kasuwar Aboabo. Ya ce a zuba ido a gani. Da ya dawo, ya rage faɗin hanyar da saƙo ke bi. Wani zuwan ya sauke akwatin daga kan firizar Mma ya kafe shi a bango. Wani zuwan adaftar wuta kawai ya canza. Akwai ranar da ya zo tun daga Jisonayili a cikin ranar nan ta Tamale, ya danna abu ɗaya tak, wai ya hana akwatin yin gyangyaɗi idan ba a amfani da shi, ya rufe kwamfutarsa.

"Shi ke nan?" na ce. "Ka ƙona mai saboda wannan?"

"Idan na canza biyar ya gyaru, wanne ya gyara shi? Idan ya sake lalacewa, wanne zan koma?"

"To malam, mu dai mu ga aiki."

"Za ki gani, Barika."

Barika! Babu mai kirana haka duk duniya. Na juya da sauri na shige kicin don kar ya ga fuskata.

Duk zuwa, idan ya gama danne-dannensa, sai Baba ya nuna masa tabarma. Su dafa shayin ataya, su yi ta hira, daga tsadar zare zuwa yadda ake saƙar fugu a garinsu. Ni ce mai kawo gawayi, ni ce mai kawo sukari, kuma ban taɓa kawo su a tafiya ɗaya ba. Ya koya mani shiga cikin akwatin ta wayata, ya nuna mani inda tasha take, inda ƙarfin muryar akwatin yake, wato nisan da waifai ke kaiwa. Da yamma saƙonsa ya shigo.

"Ya jikin mara lafiya?"

"Ya suma sau biyu da azahar."

"Allah ya ba shi lafiya. Mai jinya fa?"

"Tana nan."

"Ta ci abinci?"

Iyakarsa ke nan, 'yan uwa. Ta ci abinci. Ni kuma in rungume filo ina dariya ni kaɗai kamar taɓaɓɓiya.

Ana haka Gwaggo Zalia, ƙanwar Baba, ta sauka daga Kumasi da jakunkuna uku da magana ɗaya, ta aurena. Ganiyu, ɗan ƙawarta, mai shagon kayan mota. Ba zan yi masa ƙarya ba, mutumin kirki ne, mun taɓa gaisawa a wajen wani biki. Ba wanda ya ce dole. Amma kun san Gwaggo ba ta buƙatar cewa dole. Tana shafa mai ta yi maganar, tana tsinke alayyafo ta yi maganar.

"Shekara ashirin da bakwai, Mubarika. Mutanen nan amsa kawai suke jira kafin in koma. E ko a'a."

"Gwaggo, ina tunani."

"Tunanin wa? Wannan mai gyaran?" Ta taɓe baki. "Ni tun da na zo shayi kawai na ga yana sha. Mutum ya kasa gyara akwati ɗaya, gida zai riƙe? Ya ce maki wani abu?"

Na kau da kai.

"Ya aiko wani? Ko goro ɗaya?"

Abin da ya fi ƙona mani rai shi ne gaskiya ta faɗa. Shamsu bai ce komai ba.

Na shiga ɗaki na rubuta masa. "Shamsu, me kake nufi da ni? Ana tambayata a gida."

Ya daɗe yana rubutu yana gogewa. Can sai ga shi. "Barika, a wajenmu ba a faɗa wa gidan mutane da gudu. Ɗaya bayan ɗaya. Ki ba ni zuwa Juma'a."

Ɗaya bayan ɗaya! Kai, jama'a, ji na yi jinina ya hau. Na rubuta, "Ni ba rauta ba ce da za ka yi ta gwaji a kaina." Na kife wayar.

Washegari da rana ina nuna wa wata kwastoma mayafai ta bidiyo, mata mai sayen dozin-dozin, waifai ya ɗauke. Kafin ya dawo ta tafi wajen wata. Gwaggo tana daga kwance ta ce, "Mai shayinku bai zo ba ne?" A nan shaiɗan ya same ni a shirye. Na shiga cikin akwatin kamar yadda ya koya mani. Ƙarfin murya na kai shi ƙarshe. Faɗin hanyar da ya rage na buɗe shi gaba ɗaya. Tasha na ce akwatin ya zaɓa da kansa. Duk abin da na gani mai kama da ƙari, na ƙara. Na danna ajiye.

Fitilun suka mutu, suka dawo. Sanduna cike. Na je kicin, cike. Na je bayan gida, cike. Har ƙofar gidan maƙwabta na fita da silifas, yana nan daram. Na ce a raina, ashe abin da yake ja mana rai a kai ke nan.

Da ma na tsaya a nan.

Da la'asar sai ga ƙarar babur ɗinsa. Ba ranar zuwansa ba ce, na san saƙona ne ya kawo shi. Ya sa farin kaftani mai guga, har da hula, abin da ban taɓa gani a kansa ba. Ya durƙusa gaban Baba. Gwaggo tana gefe a kan darduma da carbi. Ni kuma na fito da doguwar rigata ruwan toka, ko mayafi ban gyara ba, waya a hannu.

"Baba, ba sai an ƙara wahalar da shi ba," na ce, da ƙarfi yadda kowa zai ji. "Na gyara da kaina. Abin da aka yi watanni ana zarya a kai, kafin ruwan shayi ya tafasa na gama."

Gwaggo ta tuntsire da dariya har carbinta ya faɗi. "Ahaf! Ashe mai gyaran tana cikin gida."

Ban tsaya ba. Wayyo bakina. "Wasu dai ba sa iya gama abin da suka fara. Sai dai a yi ta zuwa ana shan shayi."

Yana durƙushe har lokacin. Bai ɗago ya kalle ni ba, tabarma yake kallo. Ku da kuka san Dagomba, kun san abin da ake nufi da a kunyata namiji a gaban dattijon da yake durƙusa wa. Ni ma na sani. A garin nan aka haife ni, ba zan ce ban sani ba. So nake ya ji zafi kamar yadda na ji.

"Yoo," ya ce a hankali, "to" ɗinsu na Dagomba. "Allah ya sa albarka. Baba, zan koma."

"Ga shayi a wuta," in ji Baba.

"Na gode, Baba. Wani lokaci."

Ya ja da baya har zaure kafin ya juya. Baba ya sauke butar shayin daga kan gawayi, ya juye ruwan a gindin darbejiya.

Juma'a ta zo ta wuce, babu babur. Babu "ya jikin mara lafiya." Na ce oho, fushi ne, zai huce. Gwaggo ta ɗaga tafiyarta, wai sai ta tafi da amsa a jaka.

Sai zafi ya tsananta, irin wanda ko fanka iskar wuta take hurawa. Waifai ɗina na alfahari ya fara nuna hali. Waya ta nuna sanduna cike, amma saƙo ya ƙi tafiya. Can sai sunan waifai ɗin ya ɓace gaba ɗaya. Na taɓa akwatin, zafi kamar dutsen guga. Na shiga don in mayar da komai yadda yake, sai na tsaya ina kallon lambobi. Wace tasha ya sa? Nawa ya bar faɗin? Cikin abubuwan da na taɓa, wanne ne ya kawo wannan? Ban sani ba. Na canza wannan, ya ƙara lalacewa. Na canza wancan, wayar Baba ta daina ganinsa sam. Muryar Shamsu kawai nake ji a kunnena, wanne zan koma?

Yau da safe Yazeed ya kira don Baba ya ga jaririyarsu, kira ya yanke tun kafin a juyo da fuskarta. Baba ya ajiye wayar a kan cinyarsa.

"Ki kira shi."

'Yan uwa, kar ku ga yadda zuciyata ta yi tsalle. Na ce Allah ya kawo hanya. Zai zo, zan kawo gawayi, zan tsaya a zaure in ce ya yafe mani, ko da Gwaggo tana ji. Na rubuta, "Salam. Waifai ya lalace gaba ɗaya. Baba ya ce don Allah ka duba." Da ragowar datar wayata na tura, daga nan ta ƙare.

Na yi wanka. Na ciro leshina ruwan zuma da na ajiye don Sallah, na ɗaura ɗankwali sau uku kafin ya zauna, na zaɓi mayafi mafi tsada a cikin kayan sayarwata na cire masa leda. Na turara jiki. Na haɗa sobolo na musamman, da abarba da citta da kanumfari, na sa a firiza. Mma ta kalle ni ta kalli Gwaggo. Duk babur ɗin da ya wuce a layinmu sai na miƙe.

Ina tsaye a falo ina gyara labule, sai na ga fitilun akwatin sun mutu da kansu. Babu wanda ya taɓa shi. Suka dawo ɗaya bayan ɗaya. Wayata ta yi ƙara, ta kama waifai, saƙonnin da suka maƙale tun jiya suka yi ta shigowa. A cikinsu har da nasa.

"Madam, na gyara daga shago. Na mayar da saitin da na yi a baya. Abu ɗaya dama ya rage, ƙarfin muryar akwatin ya yi yawa. Yana ihu, wayoyi suna jin sa, shi ba ya jin su, ga zafi yana kashe shi. Na rage. In sha Allah ba zai sake yankewa ba."

Madam. Abin da yake kiran matan da ke kawo masa gyaran kwamfuta.

Na karanta ya fi a ƙirga kafin kalmar ta shige ni. Daga shago? Na fita tsakar gida da leshina da ƙamshina, na tsaya gaban Baba.

"Baba, wai daga shago ya gyara. Ta yaya?"

"Ta ƙofar da ya bari mana. Ba a gabanki ya nemi izini ba?"

"To ai... duk zuwan nan da yake yi..."

Baba ya cire gilashinsa ya goge da bakin riga. "Tun ranar farko yaron nan ya gaya mani gaskiya. Ya ce yawancin aikin yana iya yi daga inda yake zaune, ba sai ya zo ba. Ni na ce ya riƙa zuwa, ina son ganin fuskar mai taɓa mani kaya." Ya mayar da gilashin. "Na ga inda idonsa ya je da kika kawo sobolo. Na ga inda naki ya je. Ke kin ɗauka waifai nake dafa wa shayi?"

Na zauna a kan kujerar nan da nake kai yanzu.

"Na tambayi asalinsa, na aika an duba gidansu," Baba ya ci gaba, muryarsa ko tashi ba ta yi ba. "Ya nemi izinin kawo kawunsa da goro ranar Juma'ar da ta wuce. Na ba shi. Ranar da ya zo da hula, so yake in bar shi ya gaya maki da bakinsa."

"Baba, me ya sa ba ku faɗa mani ba?"

"Maganarsa ce, ba tawa ba. Kuma kin ba wani damar magana a ranar?"

Na fashe da kuka, kwalli yana gangarowa kan leshi. Ko Gwaggo da ta leƙo ta taga ba ta yi dariya ba. Ta dai ce, a hankali, motarta ta gobe da safe ce, kuma ba za ta sake ɗagawa ba.

"Baba, ku kira shi. Zai ji maganarku."

"Zai ji, shi ya sa ba zan kira ba. Ni na buɗe masa gidan nan, Mubarika. Ba ni na kore shi ba."

Wayata ta sake ƙara. Na ɗauka da sauri har ta kusa suɓucewa.

"Na manta ban faɗa ba. Ki gaya wa Baba na rufe ƙofar da na bari, na goge mabuɗina. Akwatin naku ne gaba ɗaya yanzu. Na gode da shayi."

Yanzu Baba yana ɗaki yana kallon jikarsa, hoto tar, murya tar, har kukanta ina ji daga nan. Sobolo yana firiza ya zama ƙanƙara. Gwaggo tana ninke kayanta, lokaci-lokaci tana leƙowa.

Na rubuta masa dogon saƙo na goge. Na sake rubutawa na goge. A ƙarshe na yi irin tasa, abu ɗaya tak. "Shamsu, na yi kuskure. Ka yafe mani."

Da can idan na tura saƙo ya yi shiru, sai in ce netwok ne, in kwanta da sanyin rai. Wannan kuwa ko ƙiftawa ban yi ba ya tafi. Alama biyu, suka koma shuɗi. Ya karanta tun kafin a kira la'asar, ga shi har an idar da salla.

Waifai ɗinmu lafiyarsa lau, 'yan uwa. Shi ya gyara shi da hannunsa, kuma ba ni da sauran abin da zan ɗora wa laifi.